Filin Tambaya da Amsa: Da Me Daula Ke Kare Yankin da Ya Yi Mata Nisa In Yaƙi Ya Ɓarke?

Tambayoyin da suka taru mana a wannan karo kusan duk kan abu ɗaya suka zo: yadda daulolin mulkin mallaka suka riƙa tsare tsibirai da yankunan da ke can wata uwa duniya, alhali soja da jirage da kuɗi ba su wadata ba. Mun haɗe masu kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin tarihi ne. Na ga taswirar daular Birtaniya kafin Yaƙin Duniya na Biyu, kusan kowace kusurwa ta duniya tana da rabo. Ina ta samo sojan da za ta zuba a duk waɗannan wurare?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba ta samo ba, kuma da ma ba ta yi niyyar samowa ba. Abin da ake ajiyewa a yanki mai nisa 'yar runduna ce, aikinta ta riƙe wuri na wasu ƙidayayyun kwanaki har ɗauki ya iso daga gida. Hafsoshi kan rubuta adadin kwanakin nan a takarda, kuma a kansa ake auna komai: buhun abinci nawa, harsashi nawa, mai tan nawa. Ke nan ganuwar gaske ita ce hanyar teku. Muddin tana buɗe, 'yar rundunar ta isa. Ranar da ta toshe, ƙarin soja ƙarin fursuna ne kawai.

Dubi Singafo. Birtaniya ba ta da ƙarfin ajiye manyan jiragen ruwan yaƙi a Turai da Gabas Mai Nisa a lokaci guda. Sai ta gina ƙaton sansanin jiragen ruwa a can, aka buɗe shi a 1938, bisa shirin cewa in Japan ta taɓa yankin, jirage za su taso daga Turai. An gina barga ke nan, ana cewa doki na nan tafe. An ƙiyasta kwana 70 kafin ɗauki ya iso. A 1939 aka mai da shi 90, kafin shekarar ta fita aka mai da shi 180. Wanda ya iya lissafi ya san alkawarin ya fara ruɓewa tun daga nan. Shirin ya rataya ne a kan cewa jiragen Faransa za su riƙe Bahar Rum, kuma ba za a kara da Jamus da Italiya da Japan a tashi ɗaya ba. Faransa ta faɗi a Yunin 1940. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku.

Da abin ya zo, manyan jirage biyu kacal aka aika, Prince of Wales da Repulse, ba tare da jirgin dakon jiragen sama da zai yi musu rumfa ba. Sun iso ranar 2 ga Disamba 1941, jiragen saman Japan suka nutsar da su ranar 10 ga wata. An amince Malaya, zirin ƙasar da Singafo ke bakinsa, na buƙatar jiragen sama 336, amma 158 ne a ƙasa, yawancinsu tsohon yayi. Ranar da yaƙin ya fara ko tanka ɗaya babu. Japanawa suka zo da tankoki da kekuna, suka bi kyawawan titunan da Turawan suka shimfiɗa da hannunsu.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa manyan igwogin Singafo teku kawai suke kallo, ba sa juyawa. Ba haka ba ne. Yawancinsu na juyawa, kuma sun yi harbi ta tudu. Matsalar harsashi ce: mafi yawan wanda aka tanadar musu mai huda sulken jirgi ne, in ya faɗa ƙasa mai laushi sai ya nutse kafin ya fashe, ba irin mai tarwatsewa da ke kashe sojan ƙasa ba. Ranar 15 ga Fabrairu 1942 Janar Percival ya miƙa wuya, soja kimanin 80,000 suka shiga hannun rundunar da ba ta kai rabinsu ba.

Tambaya: Na yi aikin sito a gidan soja kafin in yi ritaya. In aka yi wa irin wannan wuri ƙawanya, me ke fara ƙarewa, kuma yaya ake lissafin?

Amsa: Ranka ya daɗe, kai ka san sito ba ya ƙarya. A takarda lissafin ba wuya: yawan bakuna sau yawan kwanaki. Inda ake faɗawa rami biyu ne, a ƙidaya soja a manta da farar hula da 'yan gudun hijira da leburori, ko a jibge kaya a inda ba nan za a yi tsayuwar ƙarshe ba.

A Filifin an yi duka biyun. Tsohon shirin Amurka shi ne in Japan ta kawo hari a janye zuwa zirin Bataan da tsibirin Corregidor, a toshe bakin mashigin Manila na wata shida. An tsara abincin mutum 43,000 na kwana 180. A 1941 Janar MacArthur ya sauya shiri, ya ce a bakin teku za a tare maƙiyi, saboda haka aka tura kaya rumbunan gaba. Da tarewar ta gagara aka koma tsohon shiri a gurguje, sai ga soja kimanin 80,000 da farar hula 26,000 a Bataan. Ko da a ce duk abincin da aka tsara yana nan, in ka raba shi ga mutum 106,000 bai wuce na kwana 73 ba. To ba ya nan ma. Da aka ƙidaya sito a farkon Janairu 1942, na kamar wata ɗaya aka samu. Nan take aka koma rabin kaso, daga baya aka sake ragewa. Aka yanka dawakin soja da alfadarai. Kwinin ya yi ƙaranci, zazzaɓin cizon sauro da atuni suka kwantar da dubbai. Ranar 9 ga Afrilu da suka miƙa wuya, yunwa da ciwo sun riga harsashi gama aiki.

Sai dai ruwa ya fi abinci saurin yanke hukunci. Mutum na iya jan makonni a kan rabin kaso, amma birni ba ya kwana uku ba ruwa. A Singafo, da aka fasa gadar da ta haɗa tsibirin da Johor a ƙarshen Janairu, bututun da ke kawo ruwa daga can ya tafi tare da ita. Japanawa suka kama madatsun ruwan da ke tsakiyar tsibirin da rumbunan abinci da mai na Bukit Timah, bama-bamai kuma suka farfasa bututun cikin gari, ga mutane kusan miliyan ɗaya a cunkushe. A Honkon ma kame madatsun ruwa na cikin abin da ya kawo ƙarshe. Shi ya sa mai zana layin tsaro na ƙwarai yakan fara duba ina madatsa take, ina gidan famfo, ina rumbun mai, ya tabbata duk suna bayan layinsa na ƙarshe.

Game da ajiya kuwa, in ka tara kaya wuri ɗaya bam ɗaya ya cinye su, in ka warwatsa su nesa ja da baya ya bar wa maƙiyi. Abin da ke aiki shi ne ƙananan rumbuna da yawa, amma duka a cikin da'irar da ka ƙudura za ka mutu a kanta. Kada kuma a raina kayan gyara. Jirgin sama da ya rasa ƙaramin ƙarfe ɗaya da wanda aka kakkaɓo duk ɗaya suke a ranar faɗa, shi ya sa makanikai ke farke jirgi ɗaya su tayar da biyu.

Tambaya: Akwai inda daula ta ga ba za ta iya ba ta bar yanki da gangan, ko girman kai ba ya bari?

Amsa: An yi duka biyun, kuma a ganinmu nan ake gane wanda ya san aikinsa. Tsibiran Jersey da Guernsey na masarautar Ingila ne, amma dab suke da gaɓar Faransa. A Yunin 1940 Birtaniya ta kwashe sojanta ta bar su. Kuskurenta shi ne ba ta sanar da Jamus a kan kari ba, jirage suka yi musu ruwan bama-bamai ranar 28 ga Yuni, mutum 44 suka mutu a banza. Shi kuwa Hitila, don jin daɗin ya taka ƙasar sarkin Ingila, ya zuba musu kankare da manyan igwogi da runduna guda sukutum, ta 319. Da sojojin ƙawance suka sauka Normandi a 1944 ko kallon tsibiran ba su yi ba. Dubban sojan nan suka zauna yunwa na cinsu har 9 ga Mayu 1945, a lokacin da Jamus ke neman ko bataliya ɗaya ido rufe.

A Agustan 1940 Italiya ta afka wa Somaliyar Birtaniya daga Habasha da rundunar da ta ninka masu tsaro sau da yawa. Suka tsaya 'yan kwanaki a mashigin Tug Argan, sannan aka kwashe su ta tashar Barbara zuwa Aden. Firayim Minista Cocil ya fusata, a ganinsa ƙarancin asarar rayuka na nuna ba a yi faɗa sosai ba. Amma a Maris 1941 aka dawo daga Aden aka karɓe Barbara ba tare da wata wahala ba, domin su ma Italiyawan Gabashin Afirka a yanke suke. Mashigin Suwez na hannun Birtaniya, ba mai kawo musu fetur ko taya.

Honkon ce ƙadangaren bakin tulu. Cocil da kansa ya rubuta a Janairun 1941 cewa in Japan ta shiga yaƙi babu damar riƙe ta ko kai mata ɗauki, kuma rage sojan ya fi ƙara shi. Kafin shekarar ta ƙare aka sauya ra'ayi, wai don a ƙarfafa wa Sin gwiwa a kuma ba Japan tsoro. Bataliya biyu ta Kanada, mutum 1,975, suka iso a Nuwamba, motocinsu na cikin wani jirgi dabam da ya maƙale a Manila. Layin tsaron da aka zana don bataliya shida, uku aka sa a kai. Yaƙin bai wuce kwana 18 ba, aka miƙa wuya ranar 25 ga Disamba. Ƙarin bai kai ya hana faɗuwa ba, bai kuma tsorata kowa ba, kuma wannan tsaka-tsakin ne mafi munin zaɓi.

Tambaya: To ita Malta fa? Ɗan tsibiri ne a bakin ƙofar Italiya, me ya hana ta faɗuwa?

Amsa: Birtaniya ta ci gaba da biyan kuɗin hanyarta ne, da tsada mai ban tsoro. Ba ta kai kilomita 100 daga Sisili ba, Jibralta kuwa na nesa da ita fiye da kilomita 1,500. An ga ta cancanci tsadar saboda daga can jiragen sama da jiragen nutso ke nutsar da kayan da ake kai wa Rommel, kwamandan Jamus, a Libiya.

Ga abu ɗaya da zai nuna maka cewa yawan kaya kaɗai ba ya isa. Ranar 20 ga Afrilu 1942 jirgin dakon jirage na Amurka mai suna Wasp ya saki jiragen Spitfire 47 suka nufi Malta. Jamusawa suka bi su da bama-bamai tun suna ƙasa ana laluben inda za a ajiye su, cikin 'yan kwanaki ƙalilan ne suka rage masu tashi. Ranar 9 ga Mayu aka sake aiko kimanin 60. Wannan karon kowane jirgi na da lamba. Yana taɓa ƙasa mai jagora zai tare shi ya kai shi wani shinge da aka gina da duwatsu da gwangwanayen fetur cike da yashi. A cikin shingen makanikai da sojan ƙasa na tsaye da gwangwanayen mai da harsasai. A cire tankin ƙari da ke ƙarƙashin cikinsa, a ɗura mai da hannu, matuƙin da ya sha doguwar tafiya ya sauko, wanda ya saba da sararin Malta ya hau. Cikin mintuna jirgin ya koma sama. Da Jamusawa suka iso sai suka tarar ana jiransu.

A Agustan shekarar mai da garin alkama saura na makonni. Aka taso da ayarin jiragen kaya 14 da rakiya mai yawa ta Jibralta. Biyar ne suka isa. A hanya aka rasa jirgin dakon jirage Eagle da wasu jiragen yaƙi uku. Cikin biyar ɗin akwai jirgin dakon mai, Ohio, wanda aka huda, injinsa ya mutu, ruwa na shanye shi. Jiragen yaƙi biyu suka ɗaure shi a tsakaninsu kamar yadda ake tallabo majiyyaci, suka shigar da shi tasha ranar 15 ga Agusta. Tsakanin ayari da ayari kuwa jiragen nutso da wasu jirage masu gudu ke saɗaɗowa da man jirgin sama da magani, gwamnati kuma ta buɗe gidajen dafa abinci na bai-ɗaya don a tsimi kananzir.

Kada a manta da rabon sa'a. Jamus da Italiya sun shirya mamaye tsibirin a 1942, amma Hitila bai manta da asarar 'yan laimarsa a tsibirin Kirit a 1941 ba, sannan da Tobruk ta Libiya ta faɗa hannun Rommel a Yuni aka karkatar da jiragen zuwa bin Rommel Masar.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce. Na ji cewa mutanen yankunan ne suka yi yawancin faɗan ba Turawa ba. Kuma ana yawan yabon wani kwamandan Jamus a Gabashin Afirka. Ya cancanci yabon?

Amsa: Malama, maganarki ta farko haka take. Sojan gida arha gare shi: ba sai jirgi ya kawo shi ba, ya san ƙasar, albashinsa kaɗan. Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina, 'yan hafsoshi Turawa a sama, kurata 'yan ƙasa a ƙasa, kuma sau da yawa a ɗebo su daga wani yanki a kai wani don kada su haɗa baki da mutanen gari.

Kwamandan da kike nufi Lettow-Vorbeck ne, mai tsaron yankin Jamus da ke Tanzaniya ta yau a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1914 yana da Jamusawa kimanin 260 da askarawa kimanin 2,500, yawancin bindigoginsu samfurin 1871 masu baƙin albarushi, kowane harbi hayaƙi ya tona inda kake. Ya san ɗauki ba zai zo ba, sai ya daina kallon ƙasa a matsayin abin tsarewa, ya mai da hankali ga kada rundunar ta mutu. A Tanga, a Nuwamban 1914, da mutum kimanin 1,000 ya kori runduna ta kimanin 8,000 da Birtaniya ta kawo daga Indiya, ya kwashi bindigogi masu ruwa 16 da harsashi wajen 600,000. A Jassin, a Janairun 1915, ya sake yin nasara, amma ya rasa hafsoshi da harsashin da ba shi da madadinsu. Daga nan ya rage gaba-da-gaba ya koma sari-ka-noƙe, 'yan ƙananan ƙungiyoyi na ratsa jeji suna dasa nakiya a layin dogon Uganda. Da aka nutsar da jirgin yaƙinsu Königsberg a bakin kogin Rufiji a 1915, suka ciro igwoginsa goma suka yi musu ƙafafu suna ja. Kwinin kuwa daga ɓawon itace suka riƙa dafa shi a cibiyar bincike ta Amani. A Nuwamban 1917 ya bar marasa lafiya da raunana a baya, ya tsallaka kogin Ruvuma zuwa Mozambik ta Fotugal yana ci daga rumbunan maƙiyi. Sai ranar 25 ga Nuwamba 1918 ya ajiye makami a Abercorn, mako biyu bayan an daina yaƙi a Turai.

Amma a kan wa aka ɗora kayan? Tsando na kashe dawaki da alfadarai cikin makonni, mota kuma ba hanya. Saura 'yan dako. Ɗan dako na ɗaukar kilo kamar 25, yana cin kamar kilo ɗaya a rana. In tafiyar kwana goma ce zuwa, goma dawowa, ya cinye 20 cikin 25. Don haka sai an jera rumbuna a hanya, kowane zango da nasa ayarin, yawan mutanen da ake buƙata ya yi ta ninkuwa. Birtaniya ta ɗebi wajen mutum miliyan ɗaya, da yawa bisa tilas, kuma aƙalla 95,000 suka mutu, akasari da ciwo da yunwa. Ɓangaren Jamus na ƙwace amfanin gona ya lalata abin da ya rage don kada mai bin sawu ya samu, fari da yunwa suka biyo baya. Sojan da Lettow-Vorbeck ya ɗaure wa ƙafa kuwa yawancinsu daga Indiya da Afirka suke, waɗanda akasari da ma ba fagen Faransa za a kai su ba. Gwanintar soja akwai ta, ba mu musa ba. Ribar da Jamus ta ci ce ba ta kai ko kusa da abin da talakawan ƙasar suka biya ba.

An yi ƙaramin irinsa a Kamaru. Kyaftin von Raben na Jamus ya bar barikinsa na fili ya hau dutsen Mora da mutum kimanin 200, ya riƙe daga Agustan 1914 har 18 ga Fabrairu 1916, bayan babbar rundunarsu ta riga ta tsallaka Gini ta Sifaniya.

Dogaro da sojan da aka mallaka na da nasa haɗarin. A Fabrairun 1915 wata bataliyar Indiyawa ta yi bore a Singafo, bayan 1942 kuma dubban fursunonin Indiya suka shiga rundunar neman 'yanci da Japan ta ɗaure wa gindi. A gefe guda, sojan Malay sun tsaya a tudun Bukit Chandu ranar 14 ga Fabrairu 1942 har aka kusa ƙarar da su.

Tambaya: In soja ya yi kaɗan, mene ne mafi arhar abin da ke ƙara wa 'yar runduna ƙarfi?

Amsa: Samun labari da wuri. Shi ya sa a 1914 wayoyi aka fara kai wa hari. Sa'o'i kaɗan da shiga yaƙi Birtaniya ta yanke wayoyin Jamus na ƙarƙashin teku. A Togo, inda 'yan sanda kawai Jamus ke da su, abin da ake nema shi ne tashar wayar iska ta Kamina da ke haɗa Jamus da jiragenta da sauran yankunanta. Jamusawa suka rusa ta da hannunsu, suka miƙa wuya ranar 26 ga Agusta.

A tsibiran Solomon a 1942, Ostireliya ta bar ɗaiɗaikun mutane a kan duwatsu, tsofaffin jami'an mulki da masu gonakin kwakwa, kowa da rediyo. Rediyon da batura da injin cajinsa sai mutum 12 zuwa 16 ke ɗauka. Biyu daga cikinsu a Bougainville, Jack Read da Paul Mason, in suka ga jiragen Japan sun wuce sai su buga adadi da alƙibla. Wannan ne ke ba jiragen Amurka na Guadalcanal, masu nawar hawa sama, lokacin da za su kai tsayin da ake buƙata. Duk aikin ya rataya a kan mutanen ƙauye masu dako da ɓoye sirri. Da Japanawa suka matsa wa ƙauyukan Bougainville a 1943, dole aka kwashe masu gadin.

Tsibirin Wake na Amurka ba shi da na'urar hango jirage, shi ya sa a harin farko na Disambar 1941 aka ƙone fiye da rabin jiragensa 12 a ƙasa. Duk da haka ranar 11 ga wata masu igwa suka yi shiru har jiragen Japan suka matso kamar kilomita huɗu sannan suka buɗe wuta. A ranar Japan ta rasa jiragen yaƙi biyu ta koma. Ɗaukin da ya taso daga Hawai aka mai da shi daga hanya, tsibirin ya faɗi ranar 23.

Tambaya: Gaskiya ne a da can cuta na cikin shirin tsaro?

Amsa: Ƙwarai. Sifaniyawa a tekun Karebiyan sun san baƙon soja ba ya jure shawara da zazzaɓi, saboda haka ganuwa ta ja lokaci kawai ake so. A 1741 Admiral Vernon na Birtaniya ya zo Cartagena, a Kwalambiya ta yau, da jirage 186. Masu tsaro 'yan dubbai suka riƙe shi daga Maris zuwa Mayu, cuta ta yi sauran. Havana ta faɗi a 1762, amma waɗanda cuta ta kashe cikin sojan Birtaniya sun ninka na fagen fama sau da yawa.

Tambaya: A zamanin jiragen sama masu dogon zango wannan lissafin na nan?

Amsa: Yana nan, adadin ne ya sauya. A 1981 Birtaniya ta sanar za ta janye jirgin sintirinta Endurance daga kudancin Atlantika don rage kashe kuɗi, masu mulkin soja a Ajantina suka karanta haka a matsayin an saki tsibiran Fokland. Ranar 2 ga Afrilu 1982 da suka sauka, masu tsaron mutum kimanin 100 ne kacal. Ƙwatowa sai da aka yi tafiyar kusan kilomita 13,000, da zango ɗaya tak a tsibirin Ascension. Don jirgin Vulcan ɗaya ya kai bama-bamai filin jirgin Stanley sai da jiragen dakon mai 11 suka tashi suna shayar da shi suna shayar da juna, kuma cikin bam 21 ɗaya ne ya sami tsakiyar titin. Ranar 25 ga Mayu aka harbi jirgin kaya Atlantic Conveyor, manyan jirage masu saukar ungulu uku cikin huɗu suka ƙone, dole soja suka taka kusan kilomita 90 da kaya a baya cikin sanyi da taɓo. Ajantina ta miƙa wuya ranar 14 ga Yuni.

Abin da aka yi bayan nan shi ne gina filin jirgin Mount Pleasant mai dogon titi, aka buɗe shi a 1985. Ana ajiye jiragen yaƙi huɗu da 'yar runduna da makaman kakkaɓo jirage. A 1982 mako bakwai aka yi tsakanin mamaya da saukar ɗauki a San Carlos. Yanzu jirgi na tashi daga Ingila ya sauka cikin ƙasa da kwana ɗaya, in dai titin na hannu, shi ya sa kusan duk sojan da ke tsibiran a gefen titin nan aka zaunar da su.